Zanen Goyon da Ban Goya Ki da Shi Ba

Boɗinga,
Ranar Laraba.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da abin da ke cikinki, da maigidanki. Allah Ya tsare ku a hanya, Ya tsare ku a masauki, Ya kare ku daga sharrin da ido ke gani da wanda ba ya gani, amin.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna, alhali tsakanin gidana da naki ko kunu aka aiko ba ya hucewa a hanya. Dalili shi ne bakina ya saba da faɗa. Duk lokacin da na buɗe shi da niyyar gaya miki magana mai laushi, sai tsawa ta riga ta fitowa. Don haka ki sami wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe. Kada ki ba kowa ya karanta miki. Kada kuma ki ɗauki waya ki kira ni kina kuka kafin ki gama, don ba zan ɗauka ba.

Ranar Asabar motar kaya za ta kwashe ku zuwa Kajiji, inda aka mayar da mijinki Malam koyarwa. Shekaranjiya kin zo kin durƙusa a gabana, kin ce in roƙe shi ya bar ki a Boɗinga har ki haihu, har ki yaye. Kin ce Kajiji ƙauye ne, hanyoyin cikinsa sai babur, babban asibiti da nisa, kuma ba a rasa jin labarin miyagun mutane a daji. Na ce ki tashi ki bi mijinki. Kin fita kina share ido da gefen hijabi, kina ganin uwarki ba ta da tausayi. Ban canza magana ba, za ki tafi. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Kafin ki fita na tambaye ki ko kin fara tanadin kayan jariri. Kika amsa mini, idonki a ƙasa: "Inna, wanga ba ni aza shi ga rai sai na ga ya tsaya. Wanda na aza ga rai ina yake?"

Wannan magana ba taki ba ce, tawa ce. Ni na faɗe ta a Mandera, garin babanki, kina cikin cikina, kuma ita ce ta cinye mini rayuwa. Tun da na ji ta a bakinki abinci bai yi mini daɗi ba. Ashe abin da na shuka bai mutu ba, yana nan ya tsiro a cikinki. Zan gaya miki inda na ɓata, ɗaya bayan ɗaya, ba don ki tausaya mini ba, sai don ki ga ramin da kike shirin zura ƙafa.

An kai ni Mandera ina da takardar sakandare a cikin adaka. A lokacin ba mace a unguwarmu da ta kai ni karatu. Ni ake kawo wa katin asibiti in karanta, ni ake tambaya yadda za a sha magani, ina tafe ina jin kaina. Ɗan fari ya zo, bai daɗe ba zazzaɓi ya ɗauke shi. Aka ce in yi haƙuri, na yi. Sai Aliyu. Shi ya yi wayo har ya fara tafiya, yana bin babanki zuwa bakin fadama, ya tsinko lawashi ya tauna ya yamutsa fuska, a yi ta dariya.

A shekarar nan masu allurar riga-kafin ƙyanda suka zo garin, amma jita-jita ta riga su isowa. Wai allurar tana hana haihuwa, wai tana shanye ƙafa. Ni na san ƙarya ce, an koya mana a makaranta. Sai dai na riga na rasa ɗa guda, tsoro kuma ya kama ni ta fuska biyu: kada a yi masa wani abu ya same shi, kada kuma a ce 'yar boko ta kashe ɗanta da hannunta. Da suka yi sallama a ƙofar gida, sai na ɗauke shi na shige bayan rumbu, na toshe masa baki da nono har suka wuce. Da bazara ƙyanda ta shigo gari, ta ɗauki waɗanda ta ɗauka, da Aliyu a ciki.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma Allah Ya kawo mini sababi har ƙofar gida, ni kuwa na ɓuya a bayan rumbu, kuma wannan zan amsa tambayarsa ni kaɗai. Don haka ki ji da kyau: dogara ga Allah ba naɗe hannu ba ne. Kajiji akwai ɗakin shan magani. Kina sauka ki tambayi ranar awo, ki je, ko ana ruwa. Idan sun ce haihuwarki sai babban asibiti, ki sa Malam ya yi magana da mai mota tun da wuri, kada a tsaya sai naƙuda ta kama. Allura duk wadda aka ce a yi, a yi. Macen da ta ce miki kada ki yi, ki tambaye ta ko za ta ba ki nata idan naki ya tafi.

Bayan Aliyu sai Halimatu. Ita gudawa ta tafi da ita tana fitar da haƙori. Daga nan suna ya bi ni: mai wabi, wadda 'ya'yanta ba sa zama. Ranar suna idan na shiga ɗakin mai jego, sai in ga an jawo jariri an rufe shi da zane. Ba wanda ya zage ni, amma ba wanda ya sake miƙo mini ɗansa.

Ina da cikinki, babanki ya dawo daga kasuwar Shagari da zanen goyo na saƙi, baƙi mai ratsin fari, da majanyinsa. Ya ajiye mini a kan gado ya ce, "Wanga da sabon zane za a goya shi, in Allah Ya so." A nan ne na gaya masa maganar da kika maimaita mini. Na ninke zanen na tura shi ƙasan adaka.

Kakarki Dudu kuwa, uwar babanki, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Hauwa'u, wanga abu ɗa guda na, shina tahiya shina dawowa. Ya ga kina son shi, shi ya sa yake miki yanga. In kinka haihu, kada ki nuna kin damu. Abin da anka yasar ba shi da ɓarawo."

Ranar sunanki da hantsi, maza suna zaure ana raɗa miki suna, mu kuwa muna ciki muna namu aikin. Aka naɗe ki a tsumma, aka sa ki a fasasshiyar ƙwarya, aka kai ki bayan gida aka ajiye a kan juji, tsakanin toka da ɓawon gyaɗa. Sai ga Yalwa matar maƙeri, mai 'ya'ya rututu duk rayayyu, ta biyo ta wurin kamar yadda aka shirya da ita. Ta ɗaga murya ta ce, "Kai jama'a! Wa ya yar da baiwa? Na tsinta, tawa ta!" Mata suka kwashe da dariya, ana cewa ta yi tsintuwar banza, wannan ko daka ba za ta iya ba. Ta ɗauko ki ta dire mini a cinya ta ce, "Ga aro nan, ki shayar mini da ita." Daga ranar kika zama Ayashe a bakina. Ɗan tsagen nan da ke gefen kuncinki, wanda na ce miki na kwalliya ne, shi ma a makon aka yi shi.

Da babanki ya ji, ransa ya ɓaci, ya ce aikin jahilci ne. Amma uwarsa ce, ba ya iya ja da ita. Ke ma kada ki ɗora mata laifi, ta rasu, kuma abin da ta gada ta yi. Ni ce na yi karatun boko da na islamiyya. Ni ce na san ba mai rayawa, ba mai kashewa, sai Allah. Kuma ni na miƙa ki da hannuna.

Abin da ya fi muni shi ne kin rayu, sai rayuwarki ta zama mini hujja. Kika yi wata, kika yi shekara, kika wuce inda Aliyu ya tsaya. Maimakon in yi sujada in gode wa Wanda Ya bar mini ke, sai na ce a raina dabara ta ci, kada in saki. Da tsohon zanen Dudu na goya ki har kika sauka daga baya. Ban taɓa yi miki tawai irin na reno ba, ban taɓa yi miki kirari ba. Kitso ma maƙwabta nake tura ki, don kada kanki ya daɗe a cinyata. Sunan da babanki ya raɗa miki, wanda ke kan takardunki na makaranta, kowa yana kira, ban da ni. Bayanki kuma Allah bai sake ba ni haihuwa ba, sai tsoron duk ya taru a kanki ke kaɗai.

Kina aji uku na firamare kika kwanta zazzaɓi mai tsanani. Ban san ko kina tunawa ba. Da rana tsaka kina ɗaki kina kira, "Inna, zo ki zauna nan. Inna, zo mana." Ni kuwa na ɗauko albasa na zauna a tsakar gida na hau yanka, albasar da ba miyar da ke jiranta, don duk wanda ya ga hawayena ya ce yajinta ne. Babanki ya shigo daga gona ya ce, "Hauwa'u, ɗiyarki na kiranki."

Na ce, "Raki ne kawai, ba abin da zai same ta."

Ya jingine kwasarsa ta noma, ya dube ni ya ce, "Wai wa kike ɓoye ma son ɗiyar ga? Mala'ikan mutuwa, ko Wanda ke aiko shi? Wanda Ya san abin da ke cikin ƙirji, Shi za ki yi wa wayo da yankan albasa?"

Ban tashi ba. Shi ya shiga ya zauna da ke, yana jiƙa tsumma yana goga miki a goshi.

Ki duba wannan da idon basira, Ayashe, don a nan babban zunubina yake. Ina salla, ina azumi, ina yi wa matan unguwa wa'azi, amma a can cikin zuciyata na ɗauki Ubangijina kamar maƙwabci mai hassada, wanda idan ya ga kana murna da abu sai ya ƙwace. Astagfirullah. Wannan shi ne munana zato ga Allah, kuma shi ne kika fara. Wadda ta ce ba za ta so ɗanta ba sai ta ga ya tsaya, ciniki take yi da Mahaliccinta. Ba a ciniki da Shi. Ya ba ki amana, ki karɓa da hannu biyu. Ranar da Ya so abinSa zai karɓa, ko kin rungume ko kin yasar.

Tsoro kuma ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya, sai ya ci duk wanda ke kusa. Bayan ciwon nan naki na tayar wa babanki da hankali, na ce ba zan ƙara kwana a Mandera ba, sai mun koma kusa da asibiti. Ba dare ba rana ina mita, har ya gaji ya bar wa ƙanensa fadamar, muka dawo Boɗinga. Mutumin da ke dashen albasarsa, ya cika rudu, wato rumbun albasa, har a zo kallo, ya koma ɗinke bakin buhunan albasar wasu a tasha. Bai taɓa yi mini gori ba. Sai dai duk shekara idan damina ta ja baya, in ya haɗu da mutumin Mandera, tambayarsa ta farko ita ce, "An fara dashe?" Haka ya yi ta tambaya har Allah Ya karɓi ransa. Na raba shi da ƙasarsa don in sayi kwanciyar hankali, kuma ban same ta ba.

To yau ga ki kina son ki yi wa Malam irin wannan. Ko ya bar aikinsa, ko ya tafi shi kaɗai ya riƙa cin abincin sayarwa kamar gwauro. Ki tuna ɗan da kika rasa, shi ma ya rasa shi. Don ba ki ga kukansa ba, ba shi ne bai yi ba. Namiji mai haƙuri ba ya faɗa miki ranar da kika karya shi, sai dai ki wayi gari ki ga ya daina ba ki labari.

Sai maganar makaranta. Da kika gama sakandare kika sami gurbin koyon aikin jinya a Sakkwato. Kin shigo da gudu kina dariya, na ce ki ajiye takardar ki wanke tukunya. Daga baya na zaunar da ke na yi miki dogon wa'azi, cewa birni yana lalata 'yan mata, na kawo miki misalin ɗiyar wance da ɗiyar wane. Malamarku ta zo har gida ta ce, "Haba Inna, Sakkwato fa ga ta ga Boɗinga, ko da safe ta tafi ta dawo da yamma." Na ce mata tarbiyyar ɗiyata ta fi mini takarda. Ƙarya nake yi. Na san halinki, na san ba za ki lalace ba. Titi nake tsoro, da motocin da ke gudu a kansa. Na hana ki, kika ninke takardar. Da na bar ki, wataƙila yau ke ce za ki riƙa yi wa matan Kajiji awo, ba ke ce mai fargaba don jin sunan garin ba.

Ki koyi wannan daga gare ni: tsoro ba ya zuwa da sunansa. Yakan sa hijabi har ƙasa, ya ce shi tarbiyya ne, ko hankali, ko taka-tsantsan, ko ma addini. Duk lokacin da kika ji kina kawo hujja mai kyau don ki ƙi yin abin da ya wajaba a kanki, ki tsaya ki tambayi kanki tsakaninki da Allah, wa ke magana.

Yanzu na zo kan ɗanki Abba, mai sunan babanki, Allah Ya sa mai ceto ne. Nan ne ya fi wuya, amma zan rubuta.

Kin san yadda kaka take da jikanta namiji. Mijinta ne, ta tsokane shi, ta ce bai kawo cefane ba, ta yi masa rawa. Ni ban yi ko ɗaya ba. Duk lokacin da kika miƙo mini shi sai in ce, "Hannuna da ruwa." Wata rana Hajiya Balki maƙwabciyata ta shigo ta same shi a tabarma yana wutsil-wutsil da ƙafa, ta ce, "Ke Hauwa'u, wanga irin miji kyakkyawa kinka samu kina yi mai yanga? Aradu in ba ki so ni ƙwace shi zan yi, ga ni da sauran ƙuruciya!" Kika yi dariya, ita ma ta yi, ta ɗauke shi tana cewa, "Zo nan angona, rabu da tsohuwar ga." Ni kuwa na juya na tsoma hannuna a bokiti, don maganata ta zama gaskiya.

Da ciwon haƙarƙari ya kama shi, ba a Kajiji kuke ba, ba a Mandera ba. A Boɗinga kuke, asibiti yana kallon ƙofar gidanku. Kun kai shi da wuri, ma'aikata sun yi iya ƙoƙarinsu, ba abin da aka rage. Ya cika. Ke kin zube, Malam yana riƙe da ke, sai aka miƙo mini shi a naɗe. Ran nan hannuna a bushe yake. Ran nan na fara jin nauyinsa. Muka iso gida kina kuka, abin da na iya ce miki kawai shi ne, "Ki yi shiru, kada ki yi saɓo." Ban rungume ki ba. Na so, hannun ya ƙi ɗagawa, don bai saba ba.

Kin tambaye ni wanda kika aza ga rai ina yake. Ga amsa. Yana inda wanda ni ban aza ga rai ba yake, don yaro ɗaya ne. Ke kin so shi a fili, ni na ɓoye nawa, ajalinsa bai nemi shawarar ko ɗayanmu ba. Na ƙi ɗaukarsa don kada in ji zafi idan ya tafi. Ya tafi, zafin kuma bai ragu da ko ƙwayar gero ba. Abin da ya bambanta mu shi ne ke kin san ƙamshin kansa, kin san yadda yake kama yatsa, kina da abin da za ki tuna. Ni ba ni da komai sai nauyin gawa. Wannan ita ce ribar dabarar da na yi ta riƙo tun daga kan jujin Mandera. Ita kike son ki gada?

Ba zan yi miki ƙarya in ce Kajiji ba abin tsoro. Akwai. Ba zan ce wannan cikin zai zauna ba, don ban sani ba, kuma na binne da yawa da ba zan iya yi wa kowa irin wannan alkawari ba. Tawakkali ba takardar shaida ba ce cewa ba za a jarrabe ki ba. Ana iya jarrabar ki a can, kamar yadda aka jarrabe ki a nan. Abin da na sani shi ne Ubangijin Boɗinga Shi ne Ubangijin Kajiji, kuma matan can suna haihuwa, suna goyo, suna aurar da 'ya'ya. Idan tsoro ya taso miki, kada ki zauna ki yi hira da shi. Ki yi alwala, ki yi raka'a biyu, ki gaya wa Allah a fili cewa kina jin tsoro, sannan ki tashi ki ɗora tukunya. Ki shiga cikin mata, ki je suna, ki je gaisuwa, kada ki kulle kanki a ɗaki da waya kina bin labaran mutuwa.

Akwai wani abu kuma. Can za ki yi kusa da Gwaggonki Ige da ke Shagari, ƙanwar babanki. Ranar zaman makokin Abba na ji ta da kunnena tana cewa, "Gado na, uwar ma hakanan ta yi. In ta sake haihuwa a kawo man, ni na san abin da za a yi." Za ta zo miki da ƙwarya da tsumma, kuma da kyakkyawar niyya za ta zo. Ki girmama ta, ki durƙusa ki gaishe ta, ki kai mata sabulu da goro. Amma kada ki miƙa mata ɗanki. Ba juji, ba tsage, ba sunan banza. Idan ta matsa, ki ce Innarki ta hana, ta zo Boɗinga ta same ni.

Kada kuma ki fake da ni. Na san za ki ce Inna ita kaɗai ce, ga hawan jini, ga ido ya fara hazo. Hajiya Balki tana nan, malamar da ke haya a ɗakin waje tana nan, Allah kuma Yana nan. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma ina jin tsoro. Ina tsoron in faɗi ba kowa, ina tsoron a kira ki a waya ki iso an riga an kai ni. Da kika durƙusa shekaranjiya, duk jikina cewa yake in riƙe ki. Amma na gane muryar. Muryar da ta ce in ɓuya a bayan rumbu ce, wadda ta ce in ajiye ki a juji, wadda ta ce in hana ki Sakkwato. Na yi mata biyayya tun ina da ƙuruciya, ba ta bar mini miji da gonarsa ba, ba ta bar mini ɗiya mai sakin jiki da ni ba, ba ta bar mini jika ba. Wannan karon na saɓa mata. Shi ne karo na farko da na bar ki a hannun Allah ban haɗa da dabara ba.

Kada ki sa ran ranar Asabar za ki ga na canza. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na bushe. Mai yiwuwa in zo in yi ta faɗa a kan yadda kika ɗaure tukwane, mota ta tashi ban ce komai ba. Shekarun da na hana ki ba za su dawo ba, kuma takarda ba ta biyan su. Ban ma san ko wannan maganar za ta shige ki ba, ko na makara kamar yadda na saba. Ban ce dole ki yafe mini ba. Idan kin yafe don Allah, na gode. Idan zuciyarki ta ƙi, ba zan ga laifinki ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada abin nan ya wuce kanki zuwa ga na bayanki.

A cikin ƙullin da wannan takarda take za ki ga zane baƙi mai ratsin fari, da majanyi. Shi ne wanda babanki ya sayo miki. Asu ya ci gefe ɗaya, na ɗinke, na wanke, na turara. Naki ne tun asali, ni na hana ki. Idan Allah Ya sauke ki lafiya, da shi za ki goya abin da kika haifa. Ki fita da shi tsakar gida kowa ya gani, ki yi masa tawai, ki kira sunansa da ƙarfi. Idan tsawon rai Allah Ya rubuta masa, alhamdu lillahi. Idan kuma kwana kaɗan ne, to ya yi su a cikin sabon zane, a bayan uwar da ba ta ɓoye masa so ba.

Saura abu ɗaya. A sujada nakan roƙa wa kowa da sunansa, har waɗanda suka ɓata mini. Ke kuwa idan na zo kanki sai in ce, "Ya Allah, da waccan da Ka sani." Ko a gabanSa ban yarda in kira ki ba. Yau bayan azahar na gwada, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa, amma ya fita. Bari in rubuta shi kuma, don ya zauna inda ba zan iya janye shi ba.

Sa'adatu.

Ke ba aro ba ce, ba tsintuwa ba ce, ba baiwar kowa ba ce sai ta Allah. Ni na haife ki, ina son ki tun kina cikin fasasshiyar ƙwarya, kuma yau na faɗa. Mai ji Ya ji, abin da Ya so shi zai kasance.

Allah Ya kai ki lafiya, Sa'adatu. Ya sa ki shiga Kajiji da ƙafar dama, Ya haɗa ki da maƙwabta na gari, Ya raba ki da cikin nan lafiya, Ya raya abin da za ki haifa bisa tafarkin Musulunci. Allah Ya cire miki abin da na zuba miki a zuciya, Ya musanya miki da natsuwa. Ya jiƙan babanki da 'yan'uwanki da Abba, Ya yafe mini. Ki gaida Malam, ki ce na ba shi amana, shi da ke kuma na ba Allah.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Hauwa'u.